Tsohon Zakara a Filin Resilin: Riba ko Asara?

Duk wanda ya taso yana kallon kaset ɗin resilin a gidan kallo ya san Hulk Hogan. A kansa da ire-irensa za mu yi magana makon nan: shin ɗan wasan da shekaru suka ja yana amfanar kamfanin da ke biyansa, ko cin tsohon suna kawai yake yi?

Mu fara da abin da wasu ba sa son ji. Resilin ɗin Amurka ba kamar kokawar da ake yi a Nijar don cin takobi ba ce. Labari ne tsararre. Faɗuwar gaskiya ce, ciwon ma gaskiya ne, amma kafin a hau fili an riga an rubuta wanda zai sha ƙasa. Saboda haka tsufa ba ya hana mutum ɗaukar kambu, muddin masu alƙalami sun so.

A 1994 kamfanin WCW na attajiri Ted Turner ya ɗauki Hogan yana da shekara 40, Randy Savage ya biyo bayansa. Tsohon maigidansu Vince McMahon na WWF ya riƙa yi musu shaguɓe a talabijin, wai sun tsufa. Sai ga shi a watan Yulin 1996 Hogan ya rikiɗe ya zama mugu, ya haɗa kai da Scott Hall da Kevin Nash a ƙungiyar nWo. Shirin WCW mai suna Nitro ya yi mako 83 a jere yana fin shirin Raw na McMahon masu kallo. Wanda ya ce tsofaffi ba sa kawo kuɗi, bai karanta wannan babin ba.

Amma kwantiragin Hogan ta ba shi damar sa baki a yadda za a rubuta labarinsa, kuma a nan gizo ke saƙar. Ranar 4 ga Janairu 1999 a Atlanta, jama'a sun cika fili suna jiran gumurzu a kan kambun duniya. Hogan ya dangwari ƙirjin Nash da yatsa ɗaya, Nash ya zube da gangan, aka ƙirga uku, kambu ya koma hannun Hogan. Ku da ke rubuta labari ku duba wannan da kyau: an tara wa mai kallo zumuɗi, sannan aka yi masa dariya a fuska.

Matasan kamfanin kuwa sun ga babu hanyar hawa sama. Tun 1995 WCW ta sallami Steve Austin, wanda daga baya ya zama ginshiƙin WWF. Chris Jericho ya tafi a 1999. A Janairun 2000 Eddie Guerrero da Chris Benoit da Dean Malenko da Perry Saturn suka fice tare. A Maris 2001 McMahon ya saye WCW. Ban ce tsofaffi kaɗai suka kashe ta ba, don akwai ɓarnar kuɗi, ga shugabannin gidan talabijin da suka soke shirin. Sai dai lokacin da farin jinin manyan ya dushe, babu wanda aka raina da zai gaje su. Kamfanin TNA ma ya gwada wannan hanya a 2010 da Hogan da Ric Flair, ya koma fitowa ranar Litinin don ya kara da Raw, cikin wata biyu ya janye.

Abin mamaki, Hogan ɗin nan ne a Maris 2002 a Toronto, yana da shekara 48, ya kara da The Rock. 'Yan kallo suka goyi bayansa, duk da haka ya sha kaye ya miƙa wa Rock hannu. Mutum ɗaya ne, rubutun ne ya bambanta. A ganina faɗuwar tsohon zakara a hannun yaro ita ce haja mafi tsada da yake da ita, kuma WCW ta biya kuɗin hajar ba ta karɓa ba.

Jiki kuma yana da nasa hukuncin da alƙalami ba ya gyarawa. A Jidda cikin Yunin 2019, Undertaker mai shekara 54 da Goldberg mai 52 sun yi wasan da saura ƙiris ɗayansu ya karya wuya.

Sting ne ya ɗan rikita mini lissafi. Ya shiga AEW a Disamba 2020 yana da shekara 61, har ya yi ritaya a Maris 2024 ba a kayar da shi ba. To amma ba a taɓa tura shi fili shi kaɗai ba. An haɗa shi da matashi Darby Allin, yaron na ɗaukar wahalar faɗuwa, tsohon na ara masa kwarjini. Wasansa na ƙarshe a Greensboro aka yi shi, a zauren da Ric Flair, yana riƙe da kambun duniya a 1988, ya yi minti 45 da wani saurayi mai fenti a fuska aka tashi canjaras. Saurayin nan shi ne Sting.