Takardun Yuraniyon Nijar da Iyakar Kwamitin Bincike

A ranar 28 ga Janairun 2003 Shugaba Bush ya shaida wa majalisar Amurka cewa Ingila ta gano Saddam Husaini ya nemi yuraniyom a Afirka. Nijar ake nufi. An ce akwai takardun cinikin tan 500 tsakanin Yamai da Bagadaza. Ran 7 ga Maris, Muhammad Albaradai, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya na lokacin, ya faɗa wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Kafin wata ya ƙare, wuta ta tashi a Iraƙi.

Jabun ma ba na gwani ba ne. Wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoban 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Kowane tsohon ma'aikaci a Maraɗi zai gane haka da kallo ɗaya. Ma'adinan yuraniyom na Arlit kuwa a lokacin suna ƙarƙashin idon kamfanin Faransa, Cogema. Ta ina tan 500 zai sulale ba a sani ba? Abin da tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson ya jiyo ke nan da ya je Yamai a Fabrairun 2002, aka yi biris da shi.

Daga baya aka kafa kwamitoci. Na Butler a Ingila, a Yulin 2004, ya ce zargin neman yuraniyom yana da tushe, yana dogaro da ziyarar jakadan Iraƙi Wissam al-Zahawie zuwa Nijar a 1999. Na Robb da Silberman a Amurka, a Maris ɗin 2005, ya ce jami'an leƙen asiri sun yi mummunan kuskure. Sai dai ba a ba shi hurumin duba yadda 'yan siyasa suka yi amfani da bayanan ba. A ganina nan gizo ke saƙa: wanda ya kafa kwamiti shi ke zana masa iyaka, da wuya kuma ya zana ta ta bi ta ƙofar gidansa.

Ba a can kaɗai ake ganin iyakar kwamiti ba: mutumin Kafanchan ma ba baƙo ba ne ga kwamiti. Bayan rikicin Zangon Kataf na Fabrairun 1992 an kafa na Mai Shari'a Rahila Cudjoe, amma a watan Mayu jini ya sake zuba, fiye da na farko.

Rahoton Amurka ya kawo shawarwari 74, galibi kan sake fasalin hukumomi a Washinton. Alhali abin da ya tona asirin takardun shi ne sanin wa ke riƙe da wace kujera a Yamai, a wace shekara.