Iyalan 'yan kuza a barikokin Jos

'Yan kuza su ne leburorin da suka yi aikin haƙar kuza a tsaunukan Jos da Bukuru da Barkin Ladi. Su da zuriyarsu ne suka kafa yawancin unguwannin Hausawa na ƙauyukan yankin.

Sana'ar ta girmi zuwan Turawa. Mutanen Ririwai, a kudancin ƙasar Kano, sun daɗe suna narka kuza su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Wannan kuzar ce ta ja hankalin Kamfanin Neja, har ya tura masu bincike a 1902. Kafin shekara goma kamfanonin Ingila sun cika tsaunin, kuma aka danne narkar gargajiya.

Kamfani na buƙatar hannu, Birom da maƙwabtansu 'yan asalin yankin kuwa gonarsu ta fi musu. Sai aka juya Arewa. Haraji da kuɗin aure da fari suka riƙa koro samari daga Bauchi da Zazzau da Borno da Sakkwato da lardin Kano, har da mutanen ƙasar Nijar masu gudun aikin tilas na Faransa. Jirgin ƙasa ya sauƙaƙa tafiyar: ƙaramin layin Zariya ya isa yankin a 1914, babban layi mai kawo kwal daga Inugu ya shiga Jos a 1927, layin Kano zuwa Nguru da ya ratsa Gagarawa kuma aka gama shi a 1930.

Da fari cin rani ne. Mutum ya gama girbi, ya ɗauki diga da shebur, ya wuni yana hawa da kwano cike da taɓo daga rami zuwa wurin wanki, ƙafa a ruwan sanyi, hunturun Jos na yanka jiki. Ranar biya helima, wato shugaban leburori, ya karɓi nasa, mai tuwo ta karɓi bashinta, ɗan caca ya kwashe saura. Da yawa abin da ya hana su komawa gida ke nan, kunyar isa hannu rabbana. Wanda ya shekara biyu sai ya yi aure, ko ya aika a kawo masa matarsa. Haka bukkokin ciyawa suka zama gari mai masallaci da mahauta da makarantar allo, irin su Bisichi da Gana Ropp da Dorowar Babuje.

Mafi munin zamani shi ne na yaƙin duniya na biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar kuzarta, sai aka ɗora wa sarakuna su kawo mutane. Talakawa suka sa wa abin suna diban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944 an kwashi dubban manoma zuwa barikokin da babu isasshen abinci ko bargo. Ciwon huhu da zawo suka kashe da dama, wasu suka gudu da ƙafa. A 1943 aka haƙo fiye da tan 17,000, kuma da guminsu aka haƙo.

Daga shekarun 1970 kamfanoni suka fara janyewa, faɗuwar farashin kuza a 1985 ta ƙarasa su. Suka bar tafkuna masu zurfi da tsibin jar ƙasa. Jikokin leburori suka koma noman rani a bakin tafkunan, dankali da kabeji da karas, wasu kuma suna shiga ramukan hannu da igiya da buhu.

Matsayinsu ne ya zama rigima. Iyalin da kakansu ya zo a 1920 ba su san kowa a garin asali ba, amma takardar zama ɗan ƙasa a Filato kan gagare su. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun ci rayukan Musulmi da Kirista. A Janairun 2010 aka kashe aƙalla mutum 150 a Kuru Karama, tsohon barikin kuza da ke kudu da Jos.