Masu Kallon Tsuntsaye a Badun: Daga Ina Abin Ya Faro?

Duk ƙarshen kaka, idan ruwa ya ɗauke, buji ya fara leƙowa, akan ga mutane rukuni-rukuni rataye da madubin hangen nesa suna shiga dajin IITA da ke hanyar Oyo tun da sassafe. Wasunmu a nan Sabo cewa suke yi aikin marasa abin yi ne. To, abin yana da tarihi, kuma ya shafe mu.

An ware wa kakanninmu unguwar Sabo a 1916, lokacin da fataucin goro da shanu ya kawo su. A zamanin daji ne ya kewaye Badun. A 1958 wani malamin jami'ar garin nan, John Elgood, ya bayyana wa duniya wani ɗan tsuntsu mai saƙa, baƙi da ja, wanda ba a samun sa ko'ina sai wannan yanki na ƙasar Yarbawa. Har sunan garin aka laƙaba masa, Ibadan Malimbe. A 1964 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. Da aka kafa IITA a 1967, sai aka killace wani ɓangaren filinta aka bar shi daji. Gari ya cinye sauran, wannan kuwa ya tsira.

Me ya sa sai Nuwamba? Saboda lokacin baƙi ne. Tsattsewa da wasu ƙananan tsuntsaye kan gudo wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara, su sauka nan. Shirwa ma da rani take gangarowa kudu. 'Yan ci-rani ke nan, kamar iyayenmu, kuma kowa ya san baƙo sai da masauki.

Masaukin ne yake ƙarewa. Tsuntsun Elgood yanzu ganinsa sai an sha wuya. Ungulu da ta saba cika mahauta, yaushe rabonmu da ita? Yaranmu da aka haifa a nan, da yawa ba su iya bambance gauraka da shamuwa, sai dai a tatsuniya.

Don haka muna kira ga malaman makarantunmu da shugabannin matasa, su nemi izinin hukumar wurin, su kai yara bana. A tafi da dattijo ko ɗaya, ya riƙa faɗa masu sunayen da Hausa.