Kuɗin Makarantu da Amanar Minista: Abin da Adar ta Gani

Hausawa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. To amma idan kayan na gwamnati ne, wane ne mai kayan, kuma yaushe ranarsa take zuwa? Tarihin Nijar na shekarun baya-bayan nan ya ba da amsa sau biyu, kuma duka biyun da hannun wani ɗan Adar a ciki, sau ɗaya yana mai tambaya, sau ɗaya yana wanda ake tambaya.

Sai mu fara daga ƙasar kanta. Adar, wadda Tawa ke zaman babban birninta, ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, inda damina kan yi gardama, samari kuma su tafi ci-rani kurmi da zarar an kawar da amfanin gona. Yunwar shekarar 2005 ta taɓa yankin ƙwarai. A garuruwa irin su Keita da Buza da ƙauyukan da ke kewaye da su, yara da yawa sun yi karatu a ajin zana, zaune a ƙasa, littafi ɗaya tsakanin ɗalibai da dama. Don magance irin wannan hali ne gwamnatin Tanja Mamadu ta ƙaddamar da shirin raya ilimi na shekara goma a 2003, ƙasashe da hukumomin waje kuma suka zuba tallafinsu domin a gina azuzuwa, a sayi tebura da littattafai.

A 2006 wani binciken ƙididdiga da masu ba da tallafin suka nema ya bankaɗo yadda aka kashe kuɗin a ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci, wadda ake kira MEBA a taƙaice. An tarar da kwangilolin da aka bayar ba tare da gasa ba, da farashin da aka kumbura, da kayan da aka biya ba a kawo ba. Abin da ya salwanta ya haura miliyar ɗaya na sefa. Masu tallafi suka tsayar da kuɗinsu. A watan Yuni na wannan shekara shugaban ƙasa ya sallami ministoci biyu, Ari Ibrahim da Hamani Haruna, waɗanda suka riƙe ma'aikatar ɗaya bayan ɗaya. A watan Oktoba Majalisar Dokoki ta amince a tuhume su a gaban Babbar Kotun Shari'a, wadda tsarin mulki ya ba ikon hukunta ministoci, aka kuma tsare su, kafin a yi musu sakin talala a 2007.

Ya kamata mai karatu ya lura da hanyar da labarin ya bi kafin ya iso kunnen jama'a. Ba gwamnati ce ta baza rahoton ba, jaridar Le Républicain ce ta yi ta buga abin da ke cikinsa. A watan Agusta 2006 aka kama shugabanta Maman Abu da editanta Umaru Keita, aka yanke musu ɗaurin wata 18 a kan wani rubutu dabam da ya shafi hulɗa da Iran. Mutane da yawa sun ɗauka cewa zancen MEBA ne ainihin laifinsu. An sake su a watan Nuwamba.

A majalisa kuwa, jagoran 'yan adawa shi ne Mahamadu Isufu, haifaffen Dandaji ta yankin Illela, ɗan majalisa mai wakiltar Tawa, shugaban jam'iyyar PNDS-Tarayya. Shi da mutanensa suka dage cewa bai kamata bincike ya tsaya kan ministoci biyu ba, dole firaminista Hama Amadu ya amsa tambayoyin alƙalai. Ran 31 ga Mayu 2007 aka kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna, 'yan majalisa 62 cikin 113 suka amince, gwamnati ta faɗi, Seini Umaru ya gaji kujerar. Abin lura shi ne 'yan adawa kujera 25 kaɗai gare su. Sauran ƙuri'un daga cikin gidan masu mulki suka fito, inda dangantaka ta riga ta yi tsami tsakanin Tanja da firaministansa. A watan Yuni 2008 aka tsare Hama a kurkukun Kutukale bisa zargin karkatar da miliyan 100 na asusun tallafa wa 'yan jarida. Ya musanta, ya ce bita da ƙullin siyasa ne, aka sake shi a Afrilu 2009.

Ke nan ranar mai kaya ta zo ne domin abu biyu sun haɗu: baƙi masu kuɗi sun nemi a yi musu lissafi, manya kuma sun ɓata da juna. Uban ɗalibi a Keita bai da wata hanyar sanin tebur nawa aka rubuta wa makarantar ƙauyensu, balle ya ƙirga wanda ya iso.

Sai zamani ya juya. A 2011 Isufu ya zama shugaban ƙasa, ya kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA, tsarin mulkin 2010 kuma ya tanadi Kotun Ƙididdiga mai cin gashin kanta. A farkon 2020, bayan kisan sojoji 71 a Inates da wasu 89 a Shinagodar, wani bincike da aka yi a zamanin ministan tsaro Isufu Katambe ya nuna asarar kimanin miliyar 76 a cinikin kayan yaƙi, ko da yake daga baya mai gabatar da ƙara ya sauko da adadin zuwa wajen miliyar 32. Wannan karon kuɗin baitulmali ne, babu baƙon da zai tsayar da tallafi, jam'iyya mai mulki kuma kanta a haɗe yake. Waɗanda suka fita zanga-zanga a Yamai ran 15 ga Maris, irin su Musa Cangari da Maikul Zodi, su aka kama. Har mulkin Isufu ya ƙare a Afrilu 2021 ba a gurfanar da wani minista ba. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sojoji sun rushe majalisa, suka kafa hukumar COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa, amma a Fabrairu 2024 suka fitar da dokar da ta cire cinikin kayan tsaro daga ƙa'idojin bayar da kwangila.

Darasin bai tsaya kan mutum ɗaya ko jam'iyya ɗaya ba. Muddin rahoto yana kulle cikin aljihun tebur, to makami ne a hannun wanda ya riƙe mabuɗi: ya fito da shi ranar faɗa, ya ɓoye shi ranar sulhu.

Akwai wata hanya, an kuma gwada ta. A Uganda binciken 1996 ya gano cewa kashi 13 cikin 100 kacal na tallafin da ake aika wa makarantun firamare ke isa gare su. Gwamnati ta shiga buga adadin kuɗin kowace gunduma a jaridu, ta umarci makarantu su liƙa nasu a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Gani ya kori ji.

Wannan ba ya buƙatar ƙwararru daga Turai. Takarda ce a ƙofar makaranta, da sanarwa cikin Hausa da Tamashek a rediyon karkara, mai faɗin kuɗi nawa aka ware, wa aka ba aikin, yaushe zai gama. Ranar da mai unguwa a Buza zai iya riƙe wannan takarda ya ƙirga tebura da hannunsa, ranar ce minista zai san cewa mai kaya yana nan, ba sai manya sun ɓata ba. Allah ya nuna mana.