Daga kudin fito zuwa SYDONIA: yadda duwan ta koma cikin na'ura

Yau mun waiwayi tarihin wani abu da ke taba aljihun kowa, ko da bai taba taka ofishin duwan ba. Buhun shinkafa, taya, atamfa, duk sai sun biyo ta can kafin su iso kasuwar Maradi ko ta Dole a Damagaram.

Biyan kudi a kan hanya ba bakon abu ba ne a wurinmu. Tun zamanin ayari, madugu ne ke zama da sarakunan hanya ya sasanta kudin fito a madadin fatake. Da Turawa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, Katsina da Maradi suka wayi gari a kasashe biyu, sai takarda da hatimi suka gaji bakin madugu.

Da yake ba mu da teku, Kotonu ta zama kofarmu. Kaya su hau jirgin kasa zuwa Paraku, daga nan kamyo ya dauko su ya ketara gadar Malanbil zuwa Gaya. A wannan hanya ce alhazan Maradi suka yi suna da tiranzit, suna tura kaya Nijeriya ta Dan Isa. Lokacin nan komi da hannu ake yi, tiranziter na yawo da dosiye biro-biro, kuma wanda ya san mutane shi ke fita da wuri.

A farkon shekarun 1980 hukumar CNUCED ta Majalisar Dinkin Duniya ta kirkiro SYDONIA bisa rokon CEDEAO. Da sabon samfurinta mai aiki da intanet, tiranziter na zaune ofishinsa zai shigar da deklarasiyo, na'ura ta lissafa kudin, ta raba layi: kore a wuce, rawaya a duba takardu, ja a bude kaya.

To amma fa ba kowa ke da mabudi ba. Dan kasuwa sai yana da NIF, kuma mai yi wa wani deklarasiyo dole ya zama komisiyoner mai agrema. Daga nesa takarda kawai ake cikawa, kayan kam dole su bayyana gaban 'yan duwan. In rezo ya dauke kuwa, kowa ya nemi inuwa ya zauna. Babban alhaji ba ya jin wannan, karamin dan kasuwa mai katan ashirin shi ke rabewa cikin takardar wani, ya biya abin da aka ce masa ba tare da ya ga kitansi ba.

Kuma mun gani da idonmu na'ura ba ta bude iyaka. Nijeriya ta rufe tata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan 26 ga Yuli 2023 hanyar Benin ta toshe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja, farashi ya hau.

Shawararmu ga kananan 'yan kasuwa ita ce ku yi NIF dinku, ku tabbatar tiranziter dinku na da agrema, kuma ku nemi kwafin deklarasiyo da kitansi kafin ku cika masa kudinsa. Allah ya sa albarka a kasuwa.