BEGE

bege (suna, namiji, ba shi da jam'i). 1. Marmarin wanda ake ƙauna ko ake kewa. Daga nan ne ake kiran waƙoƙin yabon Annabi waƙoƙin bege. 2. A koyarwar Kirista: sa zuciya mai tabbaci ga alkawarin Allah, wanda ke haifar da farin ciki ko ana cikin tsanani.

Ma'ana ta biyu ta bambanta da fata, domin fata na iya zama zato kawai, bege kuwa ya dogara ga tashin Yesu Almasihu daga matattu. Shaidar Littafi Mai Tsarki ta nuna cewa a cikin wahala bege ya fi bayyana: Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa yana ƙarfafa su su yi murna, kuma Wasiƙar Bitrus ta Fari ta tafi ga masu bi da ke shan tsangwama a Galatiya da Kafadokiya. Wasu na cewa bege maganin barci ne da ke hana talaka neman hakkinsa. Amma mai tabbacin cewa Allah zai hukunta azzalumi ba ya ɗaukar zalunci a matsayin ƙaddara. Misali, Bonhoeffer, wani fasto a Jamus, ya yi adawa da Hitila har aka rataye shi a 1945. Wasu kuma na tambaya yadda za a yi murna da ranar shari'a. Amsar ita ce, abin murnar shi ne gyaran duniya da gafarar da aka buɗe wa mai tuba, ba halakar kowa ba.

Kishiya: fid da rai.