Sayen tsohuwar jif daga hannun mai ita: Abin da ya kamata mai saye ya sani

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke zaune a birnin Kano amma yake yawan zuwa gida, kamar Saji a Ƙaramar Hukumar Rano ko ƙauyukan Kibiya, yakan so jif saboda tsayinta daga ƙasa, musamman da damina. Tsadar tokumbo ta sa da yawa suka koma sayen wadda aka yi amfani da ita a gida, kai tsaye daga hannun mai ita. Hakan na rage la'adar dillali, sai dai babu garanti: da zarar ciniki ya faɗa, duk aibin da ya ɓulla na mai saye ne. Don haka kafin biyan kuɗi ake bincike.

Takardu

Da takardu ake farawa. A nemi takardar biyan kuɗin kwastam, da shaidar mallaka, da lasisin mota, da inshora. A gwada lambar jikin motar, mai haruffa da alƙaluma 17, da wadda ke kan kowace takarda. Tun daga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma jami'an kwastam na iya kama motar da ba a biya mata haraji ba, ko da ta sauya hannu sau da yawa. Idan sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne, a nemi takardun cinikin da suka haɗa shi da mai sunan.

Nisan tafiya

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Saboda haka mil 200,000 ya haura kilomita 320,000. Ana iya mayar da wannan lamba baya, shi ya sa ake duba yadda sitiyari da kujerar direba da fedar birki suka side. Motar da ta yi doguwar tafiya amma ana sauya mata baƙin mai a kan kari ta fi wadda tafiyarta kaɗan ce amma aka yi sakaci da ita.

Inji da giya

A je da bakanikenka, ban da na mai mota, kuma a tayar da injin yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin na shan baƙin mai. Baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara yana nuna ruwa na shiga injin. Motocin Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar da ke karanto matsalolin injin. A yi amfani da ita. Toyota Highlander mai silinda shida ta 2001 zuwa 2007 da Lexus RX300 suna da bel ɗin taimin da ake sauyawa a kusan mil 90,000, don haka a tambayi yaushe aka sauya shi. A tuƙa motar a kwalta da kan burji, a lura ko giya na fizga ko ƙasanta na ƙara.

Kuɗin riƙo

Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, shan mai ya zama babban lissafi. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta tashi daga N5,000 zuwa N15,000 a Janairun 2023. A kuma tambayi farashin kayan gyaranta a kasuwar Ƙofar Ruwa, a ware kuɗin gyaran farko.

Rufe ciniki

A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar jikin motar da farashi da kwanan wata, shaidu su sa hannu, a biya ta banki. Daga nan a gaggauta sauya sunan mallaka a ofishin rajistar motoci na jiha.